Yarinyar da ta liƙe wa littafi ɗaya

Tambayar ta fito ne daga wata malamar firamare a Gusau. Ta ce 'yarta mai shekara 6 ta liƙe wa wani littafi mai hotuna, kullum dare sai an karanta mata shi, har bangonsa ya cire. Kwanan nan kuma ta fara kwaikwayon hotunan a bayan littafin aikinta na makaranta. Malamar tana son ta sani ko da gaske ne irin wannan littafin ƙuruciya yana mayar da yaro marubuci ko mai zane idan ya girma, sannan ta bar yarinyar ta ci gaba da kwaikwayo ko ta hana ta don ta koyi ƙirƙirar nata.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana ita. Don Allah kada ki hana ta. Na daɗe ina aikin edita tsakanin marubuta da masu zanen littattafan yara, ina gyara rubutun wannan ina jiran zanen wancan, kuma cikin gwanayen da na zauna da su da wuya in tuna wanda ba shi da wani littafi da ya yi wa irin riƙon da 'yarki ta yi wa nata. Wani ya manta sunan littafin, amma zai gaya miki launin rigar yaron da ke ciki da inda shafin ya yage.

Sai dai littafi ba ya ɗura wa yaro baiwa. Yara dubu za su karanta littafi ɗaya, a cikinsu a samu likita da direba da mai sayar da atamfa, marubuci ko mai zane bai fi ɗaya ko biyu ba. Abin da littafin ke zama ga wannan ɗaya ko biyun shi ne mudun awo na farko. Da shi yaro yake fara sanin yadda labari ke tashi da yadda yake sauka, da abin da ya cancanci a zana, da irin mutumin da ake sakawa cikin littafi. Duk abin da ya karanta daga baya, da wannan mudun zai auna shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Maimaicin da ya fara gundurarki, a nan aikin yake. Ranar farko yarinya tana sauraro ne don ta ji abin da zai faru. Zuwa karo na 20 ta riga ta san ƙarshen, saboda haka hankalinta ya samu sararin komawa kan yadda aka faɗi abin: inda jimla ta tsaya, inda muryarki ke hawa, kalmar da ke dawowa sau uku. Ki gwada yau da dare. Ki tsallake kalma ɗaya da gangan, ko ki ce "ya tafi" a inda aka rubuta "ya kama hanya". Za ta ɗago kai ta ce miki ba haka ba ne. Wannan kunnen da ya ji bambanci tsakanin maganganu biyu masu ma'ana ɗaya, shi ne kunnen da marubuci yake aiki da shi har ya tsufa. Mu da muka tashi a gaban kakanni mun san shi. Da an ce "Ga ta nan, ga ta nanku" mun amsa "Ta zo mu ji ta", to kaka ba ta isa ta tsallake waƙar da ke tsakiyar tatsuniyar ba, sai mun mayar da ita baya. Ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa masu iya ba da labari ba. Tatsuniya ta horar da kunnenmu sosai.

Ido ne bai samu irin wannan horon ba, kuma nan littafin hotuna ya shigo. Akwai bambanci tsakanin littafin da aka yi wa ado da hotuna da littafin da hoto ke ɗauke da rabin labarin. A na farko, idan kika rufe hoton da tafin hannu ba ki rasa komai ba. A na biyu, in kika rufe hoton labarin ya gurgunce. Misalin da nake nuna wa sababbin masu zane shi ne Rosie's Walk na Pat Hutchins, wata 'yar Ingila, wanda ya fito a 1968. Rubutun duka jimla ɗaya ce mai kalma 32: kaza ta fita yawo, ta ratsa tsakar gida, ta zaga kududdufi, ta wuce nan da can, ta dawo gida lokacin cin abinci. Ko sau ɗaya rubutun bai ambaci yanyawa ba. Amma a kowane shafi ga yanyawa nan tana laɓe bayan kazar. Ta yi tsalle ta taka manjagara ya buge ta a fuska, ta faɗa kududdufi, gari ya zubo mata a ka, a ƙarshe ta yi karo da amya ƙudan zuma suka bi ta. Kazar ba ta ko waiwaya ba. Na sha karanta wa yara shi, kuma kowane lokaci sai sun miƙe suna ihu suna nuna yanyawar da yatsa, suna gaya wa kazar ta gudu. Babba yana karanta baƙi, yaro yana karanta hoto, kuma yaron ya fi babban sanin abin da ke faruwa.

Yaron da ya ɗanɗana wannan ya koyi abin da wasu marubuta ke kai shekara 40 ba su koya ba, wato ba komai ake faɗa da baki ba. Ya kuma koyi amfanin juya shafi. Yawancin littattafan hotuna shafi 32 ne, saboda a maɗaba'a babbar takarda ake bugawa a ninka ta ta ba da shafi 8 ko 16. In aka cire shafin suna da na bayanin maɗaba'a, abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi 12 zuwa 14 ba, ina nufin shafi biyu masu kallon juna. Gwanin marubuci yana ajiye tambaya a ƙasan shafin dama, amsar kuma tana bayan takardar. Ɗan lokacin nan da yatsan yarinya ke ɗaga gefen shafi, zuciyarta na bugawa, shi ne asalin abin da marubucin littafin manya ke yi in ya yanke babi a daidai inda mai karatu ba zai iya ajiyewa ba.

Masu wannan sana'a suna da silsila kamar ta almajiranci, kowane malami da malaminsa. A Ingila akwai Randolph Caldecott, wanda daga 1878 yake fitar da littafi biyu kowace shekara har suka kai 16, ya rasu a 1886. Yana cikin waɗanda suka fara sa hoto ya faɗi abin da rubutu ya yi shiru a kai. A wata tsohuwar waƙar yara ta Turawa an ce faranti ya gudu da cokali, shi ke nan. Caldecott ya zana su suna gudu kamar saurayi da budurwa, sannan ya ƙara wani hoton da babu shi a waƙar: faranti ya faɗi ya farfashe a ƙasa, sauran kwanuka na kuka a kansa, uban cokali, wato wuƙa, da uwarta, cokali mai yatsu, sun tasa 'yarsu gaba fuska a murtuke. Lambar yabon da ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka ke bai wa masu zanen littafin yara tun 1938, sunansa aka sa mata.

Beatrix Potter, marubuciya kuma mai zane 'yar Ingila, ta tashi ne a gidan da mahaifinta ke sayen zanen Caldecott yana ajiyewa, kuma ita da kanta ta amsa cewa ta yi ƙoƙarin kwaikwayonsa. Labarin zomonta da duniya ta sani ya fara ne a matsayin wasiƙa mai zane da ta aika wa wani yaro ɗan shekara 5 da ba shi da lafiya a 1893, kafin a buga shi littafi ya shiga kasuwa a 1902. Kin ga kwaikwayo bai hana ta zama kanta ba.

Wanda na fi son in tsaya a kansa shi ne Maurice Sendak, wanda aka haifa a Brooklyn ta birnin New York a 1928, ɗan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Folan. Yaro ne mai yawan laulayi, yawancin ƙuruciyarsa a ɗaki ya yi ta yana leƙen titi ta taga. Ya ba da labarin littafin farko da ya mallaka, wanda yayarsa ta saya masa. Ya ce da farko ajiye shi ya yi a kan tebur yana kallo, sai ya shinshina takardar, sai ya shafa bangon, har ya gwada cizonsa. Karatun sai daga baya. Ina kawo wannan ne don iyaye su gane cewa son littafi yakan fara daga hannu da hanci kafin ya kai ga ma'ana. A 1963 ya fitar da Where the Wild Things Are, labarin yaron da ya yi rashin ji aka tura shi ɗaki ba abincin dare, ɗakin ya rikiɗe ya zama daji, ya shiga jirgin ruwa ya isa ƙasar dodanni. Ki dubi yadda ya tsara shi. Hoton farko ƙarami ne a tsakiyar farar takarda. Yadda fushin yaron ke ƙaruwa, haka hoton ke faɗaɗa, ya cinye shafi, ya tsallaka na kusa, har a kai buɗi uku a jere da babu kalma ko ɗaya, sai rawar dodanni. Da fushin ya huce hotunan suka fara komawa ƙanana. Shafin ƙarshe babu hoto sam, sai 'yan kalmomi da ke cewa abincin da uwarsa ta ajiye masa bai huce ba. Sendak bai taɓa ɓoye cewa a wurin Caldecott ya koyi yadda hoto da rubutu ke karɓa wa juna ba. Amma dodannin nasa ne. Ya ce kawunnansa ne da gwaggwanninsa, waɗanda ke zuwa gidansu cin abinci, su ja kumatunsa su ce kamar su cinye shi don so. Dabara daga littafi ya ɗauko ta, fuskokin kuwa a gidansu ya gan su.

A nan ne nake son ki sa ido, don mudun farko yana iya zama na wata kasuwa. Chimamanda Ngozi Adichie, wadda ta tashi a Nsukka, ta faɗa a wani jawabi da ta yi a 2009 cewa ta fara rubuta labari tana wajen shekara 7, da fensir, tana yi masa zane da kala. Mutanen labaranta duk Turawa ne masu shuɗin ido, suna wasa a dusar ƙanƙara, suna cin tuffa, suna ta zancen yanayi, alhali ita mangwaro take sha kuma ba ta taɓa fita Najeriya ba. Littattafan Ingila da Amurka da ta karanta ne suka nuna mata cewa haka mutanen littafi suke. Sai da ta karanta Chinua Achebe da Camara Laye ta gane yarinya mai irin fatarta da gashinta ma tana iya shiga littafi.

Ni ma ina ganin haka da idona. Ki ba 'yan ajinki takarda gobe ki ce su zana gida. Ina tabbatar miki da yawa za su zana murabba'i mai rufin dala, taga biyu, da bututun hayaƙi a sama yana turnuƙe, ga bishiyar tuffa a gefe. Yaron da ya zana wannan daga zaure ya fito da safe, ya wuce rumbu da turken akuya, ya sha ruwa a randa, uwarsa na hura wuta a murhu. Ko ɗaya bai zana ba, don bai taɓa ganinsu a takarda ba, sai ya ɗauka ba abin zanawa ba ne. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Samari masu hannu suna kawo mini zanen Gizo da Ƙoƙi, in duba in ga manyan idanun katun ɗin talabijin, tufafin ba na kowa ba, garin ba na ko'ina ba. In na ce su zana mini yadda tsohuwa ke zama a kan tabarma tana kaɗi, ko yadda goyo ke kwanciya a bayan uwa, sai hannun ya tsaya.

Hoto ɗaya yana iya gyara wannan. A 1940 wani mai zane a New York, Ezra Jack Keats, ya yanko hotunan wani ƙaramin yaro baƙar fata daga mujallar Life ya ajiye. Shekara 22 suna tare da shi, har a 1962 ya fitar da The Snowy Day, labarin yaro mai jar riga da ya fita wasa ranar da ƙanƙara ta sauka. Babu wa'azi a ciki, babu zancen launin fata, yaro ne kawai yana taka ƙanƙara yana waiwayen sawunsa. Ya ci lambar Caldecott a 1963, kuma a 2020 babban laburaren New York ya sanar cewa cikin shekara 125 babu littafin da aka ara kamarsa, sau 485,583. Bryan Collier, wanda yau yake cikin manyan masu zanen littafin yara baƙaƙen fata a Amurka, ya sha faɗin cewa mahaifiyarsa, malamar ƙananan yara, ita ta kawo littafin gida, ya buɗe ya ga yaro mai kama da shi. Keats yana yanka takardu masu launi ne ya liƙa su ya haɗa hoto. Collier ma da yanka da liƙi yake aiki har yau.

Achebe kansa ya ce abin da ya gani a littattafan waje masu tsada da ake saya wa 'yarsa a Legas, yadda suke nuna baƙar fata, yana cikin abin da ya sa ya rubuta wa yara Chike and the River a 1966. Mu kuwa a Arewa muna da babban misali tun kafin nan. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya je Zariya a 1936 ya zauna da Rupert East na hukumar talifi, ya karanta tarin littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiya da Turai, cikinsu har da Dare Dubu da Ɗaya da na 'yan'uwan nan Grimm na Jamus. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, littafi uku, daga 1937. Akun da ke ba da labari don ya tsare ɗan sarki a gida, asalinsa daga Indiya yake. Amma wane Bahaushe ne ya karanta ya ji baƙon abu? Imam ya ɗauko ƙashin labari daga nesa, ya sa masa rawani da alkyabba, ya zaunar da shi a fada tsakanin waziri da fadawa, ya sa masa karin magana a baki.

Magana Jari Ce ba littafin hotuna ba ne irin wanda na bayyana a sama, hotunan jefi-jefi suke. Amma a wurinmu muna yara su ne hotunan da muke da su, tare da na Ka Koyi Karatu. Magana Jari Ce ɗin na yayana ne, yana kulle shi a akwatin ƙarfe, sai ya ga dama yake ba ni bayan sallar isha'i. Ban iya karanta dogon labari ba a lokacin, hotunan nake bi. Wani ɗan ajinmu ya koya mini dabara: ka yago takarda daga tsakiyar littafin aiki, ka ɗiga mata kananzir daga fitilar ƙwai, ka murza da yatsa, sai ta zama garau kana hango abin da ke ƙasa. In ɗora ta a kan hoton, in bi layin da fensir a hankali ina riƙe numfashi, warin kananzir na hawa mini ka. A haka na gane cewa ninkin rawani layi uku ne ko huɗu kawai in an san inda za a sa su, kuma ƙafar doki ta baya ba kamar ta gaba take lanƙwasa ba. Daga baya na daina ɗorawa, ina kallo ina zanawa. Daga nan na fara zana dokin hakimin garinmu ranar hawan salla, wanda babu shi a kowane littafi. Ina aji huɗu wani malami ya ga bayan littafin lissafina cike da dawaki, ya yi mini bulala a gaban aji, ya yayyaga shafukan. Ban sake zana komai ba sai da na girma, kuma hannun bai dawo ba. Shi ya sa da na karanta tambayarki na fara da roƙonki.

Matakan nan uku da na bi, ɗorawa, kallo, sannan zana abin da ke gabanka, su ne hanyar da kusan kowane mai zane ke bi. Haka ɗan koyo yake yi a wurin maɗinkin hula ko mai aikin aska takwas a babbar riga, sai ya bi zanen maigidansa shekaru kafin ya fitar da nasa. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Sun koyi dabarun Turawa, sannan suka ce kowa ya waiwayi gidansu. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Onobrakpeya shi ya yi wa Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, zanen An African Night's Entertainment a 1962. A Gana, Meshack Asare ya ci lambar yabo mai suna Noma, ta littattafan da aka buga a Afirka, a 1982 da littafin yara da ya gina kan 'yan gumakan tagulla da Asante ke auna zinariya da su.

Mu ma ba mu rasa abin waiwaya ba. Akwai zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar Alƙur'ani, da zanen bangon soro na Kano da Zariya da Damagaram, da dagi, da zanen ƙwarya, da lalle, da launukan fatar dukawa. Hannu da ido suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ɗauko su ya ba yaro labari da su a shafi 32. A aikina, in na nemi marubuci ina samun goma kafin la'asar, mai zanen da ya san yadda ake ɗaura zani kuwa sai na yi wata ina cigiya.

Na san wasu iyaye suna da damuwa kan zanen abu mai rai, kuma damuwa ce ta addini da ya kamata a girmama. Malamai sun yi magana a kai, da yawansu sun sassauta kan kayan wasan yara da abin koyarwa, suna kafa hujja da hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Wasu masu buga littafi kuma suna zana mutane ba tare da cika fuska ba. Ki bi abin da malaminku ya karantar da ku. Ko a wace fahimta kike, gida da bishiya da kasuwa da kwale-kwale da hadarin damina duk a buɗe suke ga yarinyar.

Abin da zan so ki yi ba shi da tsada. Ki ci gaba da karanta mata littafin nan har ranar da ita ta gaji da shi, amma wani daren ki rufe bakinki ki ce ita ta karanta miki hotunan. Ki tambaye ta me wancan na gefe yake tunani, me zai faru in aka juya. Tun 1988 binciken Grover Whitehurst da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa yaran da ake karatu da su ta hanyar tambaya da amsa sun fi saurin buɗe baki da tara kalmomi. In ta kawo miki zane kada ki ce "mene ne wannan?", ki ce ta ba ki labarinsa, kuma kada ki karɓi fensirin ki gyara mata ƙafar akuya. Ki saya mata littafin zane nata na kanta don na makaranta ya huta, ki kuma yi wa malaminta magana tun kafin ya gani. Ki nemo mata littafi na biyu da na uku waɗanda hannun masu zanensu ya bambanta da na farko, don ta gane ba hanya ɗaya ake zana mutum ba, kuma ki tabbata a cikinsu akwai wanda yaran ciki ke cin tuwo. A intanet akwai African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu ta buɗe, yana da labarai masu hotuna da Hausa kyauta, kina iya saukewa a waya ko ki buga a takarda. Na takardar ya fi, don ta riƙe ta juya da hannunta.

Sannan wata ranar Asabar ki ɗauki farar takarda 4, ki ninka su biyu, ki ɗinke tsakiyar da zare da allura. Kin samu littafi mai shafi 16. Ki ce ta zana abin da ya faru ranar da akuyarku ta tsinke, ko ranar da aka je gidan kaka. Ita ta zana, ta faɗa, ke ki rubuta a ƙasa daidai yadda ta faɗa, ba gyara. A bango ki rubuta sunanta a inda ake rubuta sunan marubuci. Da dare ki karanta mata shi da irin muryar da kike karanta wancan.

Shi kuma tsohon littafin da bangonsa ya cire, ki liƙe shi da gam, ki yi masa riga da takardar kalanda, ki rubuta shekarar a ciki. In ta bar shi, ki sa shi a ƙasan akwatinki tare da zanen farko da ta kwaikwaya. Ki gaida mini ita.